Layi Na Huɗu A Takardar Da Na Sa Wa Hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Admin, ina roƙon a sa wannan ba tare da sunana ba, kuma don Allah kada a taƙaita shi, domin rage wani sashe na rubutuna ne ya jefa gidanmu cikin abin da zan faɗa. 'Yan'uwa, shawararku nake nema don Allah, kwana huɗu kacal suka rage mini.

Kafin in shiga labarin, ya kamata in bayyana inda na samo abin da zan faɗa, don ku san nauyin da za ku ɗora wa kowace magana. Akwai katin asibitin yayata da takardun gwajinta, suna hannuna. Akwai littafin da na riƙa rubuta bayanin likita a zuwa uku da muka yi Sakkwato, a gaban likitar na rubuta, na kuma karanta mata ta ce haka ne. Akwai abin da na karanta da kaina, wanda ban ɗauke shi daidai da maganar likita ba. Sai maganganun mutanen gida, wasu na ji da kunnena, wasu faɗa mini aka yi, kuma zan riƙa bambance su. Kwanakin wata duk suna rubuce a wurina, amma ba zan kawo su ba don kada a gane mu, zan dai ce abin ya faro a daminar bara. Ni ba likita ba ne, ilmin adana littattafai da takardu na karanta, yanzu ina koyarwa a wata makaranta a nan Illela. Abu ɗaya kuma da ban sani ba, likitar ma ta ce ba ta sani ba tabbas, shi ne ainihin abin da ya jawo wa yayata wannan ciwo. Ku riƙe wannan, domin a kansa komai ya rataya.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, akawu ne mai kula da fayil-fayil har ya yi ritaya. Shi ya koya mini cewa takardar da ba ta da kwanan wata da sa hannu ba takarda ba ce. Mu uku ya bari: Yaya, wadda ita ce babba kuma ita ta goye ni, sai ni, sai ƙanwarmu da zan kira Safiya. Yaya tana auren wani ɗan kasuwa da zan kira Alhaji Bello, yana kai albasa da wake Ƙonni da Tawa a ƙetaren iyaka, 'ya'yansu biyu. Wannan mutum ban taɓa ɗaukarsa mijin yayata kawai ba. Shi yake kai ni tasha a kan mashin duk lokacin da zan koma jami'a, shi yake kawo mini cuku da dabino in ya dawo daga ƙetare, shi ya raɗa mini suna Akawu Ƙarami saboda yawan rubuce-rubucena, har sunan ya bi ni.

A daminar bara Yaya ta je biki ƙauyen Gidan Katta. Mata da dama da suka sha ruwan randar gidan bikin sun kamu da gudawa da zazzaɓi, ita ma ta yi kwana huɗu tana fama, aka karɓo mata magani a kemis ta warke. Bayan kamar mako uku sai gwiwarta ta hagu ta kumbura, daga nan dunduniya, daga nan wani ɗan yatsan ƙafa ya kumbura gaba ɗayansa. Da safe jikinta yakan sandare, sai rana ta ɗaga kafin ta iya taka ƙafa sosai. Idonta ɗaya ma ya yi ja na wasu kwanaki. An sha sassaƙe, an yi ƙaho, ba a ga sauƙi ba, sai bayan watanni aka yarda a kai ta Sakkwato, kuma ni aka ce in raka ta tunda ni ne mai jin Turanci.

Sunan da likita ta rubuta a kati shi ne seronegative arthritis. Yadda ta bayyana mana, kumburin gaɓɓai ne da ke faruwa idan garkuwar jiki ta juya tana yaƙar gaɓɓan mai ita, amma alamomi biyu da aka saba gani a jinin masu irin wannan ciwo ba a same su a jinin Yaya ba. Ta nanata cewa rashin ganinsu ba ya nufin babu ciwo, ga kumburin ana gani da ido, ga wani gwajin ma ya nuna shi. Ta yi tambayoyi da yawa. Ta tambayi ko an yi gudawa kafin ciwon, muka ce an yi. Ta tambayi ko akwai wani a danginmu mai sandarewar baya, ko yawan jan ido, ko wata cutar fata mai ɓamɓarewa. Na fita na kira mahaifiyarmu, Inna, a waya, ta ce babu, na dawo na faɗa, na kuma rubuta “babu” a littafina.

Da labari ya isa gidan su Alhaji Bello cewa ba a ga komai a jini ba, sai magana ta juya. An faɗa mini mahaifiyarsa ta ce ai jini ba ya ƙarya, Yaya son jiki ne kawai take yi don kada ta yi aikin gida. Wata Lahadi bayan an tashi daga kasuwa Alhaji Bello ya same ni a ƙofar gida, ya zauna a kan bencina kamar yadda ya saba, ya ce, “Akawu Ƙarami, ka san mutanen gidanmu ba su jin Turancin likita. Rubuta min da Hausa dalla-dalla, mi ka kawo ciwon ga, in kai ma Hajiya ta bar ce ma yayarka raguwa. Ka sa hannu yadda ka saba, ta san ba ni na tsara ba.” Wallahi na ji daɗi a ranar, na ce a raina Allah ya ba Yaya miji.

Kwana uku na yi ina tsara takardar. Na fara da cewa ba a san sanadin ciwon tabbas ba, sai dai akwai abubuwan da aka lura suna share masa hanya, na jera su guda biyar. Na ɗaya, gado: akwai wani yanayi na jiki da ake gada wanda ke sa garkuwa ta fi saurin juyawa, amma da yawa daga masu gadonsa ba sa taɓa yin ciwon. Na biyu, gudawa daga gurɓataccen ruwa ko abinci, wadda bayan makonni kaɗan da warkewarta gaɓɓai kan kumbura, na kuma rubuta cewa Yaya ta yi wannan, kuma shi likita ta fi zato. Na uku, wata cutar fata da wani ciwon hanji mai daɗewa, waɗanda Yaya ba ta da su. Waɗannan suka cika gaban takardar. A bayanta na rubuta na huɗu: cutar mafitsara ko ta al'aura, ciki har da wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ma takan jawo irin wannan kumburi bayan makonni. A ƙarƙashinsa na bayyana cewa an gwada Yaya ba a sami komai ba, kodayake likita ta ce tunda watanni sun wuce, gwajin ba ya yanke hukunci ko ta wane ɓangare. Na biyar, shan taba yana ƙara haɗarin wasu ire-iren ciwon, kuma a mutane da yawa ba a taɓa gano sanadin ba. Sannan na sa kwanan wata, na sa hannu.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya a kan layi na huɗu. Na rubuta shi na soke a littafina har sau biyu. Abin da ya sa na bar shi shi ne tsoron kada wani ma'aikacin lafiya ya karanta takardar ya ce na ɓoye wani abu, sai sauran maganar ta zube. Na ce gara in faɗi duka. Kuma ni da na karanta adana takardu, ban yi mata fotokwafi ba. Na miƙa masa ita guda ɗaya tilo, saboda a tunanina hannun ɗan'uwa na sa ta.

Bayan mako biyu aka sauke Yaya a ƙofar gidanmu a Keke Napep, da akwati da yara biyu. Ba saki aka yi ba, an ce ta zo gida ta huta har a yi magana. Ita kanta ba ta san dalili ba. Washegari wata 'yar'uwarmu da ke aure a danginsu ta shigo ta nuna mini hoto a wayarta, wanda ke yawo a zauren matan gidansu na waya. Rubutuna ne. An naɗe takardar a tsakiya yadda layi na huɗu ya zauna daidai a kan sa hannuna, bayanin gwajin da layi na biyar duk sun shige cikin naɗin. In ka ƙara girman hoton kana ganin alamar naɗin, siririn layi ne a kwance. A ƙasa an rubuta: “Ga abin da ƙanenta da kanshi ya rubuta.”

Na sami Alhaji Bello a rumfarsa ana loda buhuna. Ban ɗaga murya ba, shi ma bai ɗaga ba, kuma wannan ya fi yi mini zafi. Na tambaye shi dalilin naɗe takardar, ya ce waya ba ta ɗaukar takarda duka. Na ce ya ba ni ita, ya ce tana wurin kawunsa. Sai ya dube ni ya ce, “Hannunka na ko ba hannunka na ba?” Na ce nawa ne. Ya ce, “Akwai ƙarya ciki?” Na ce babu ƙarya a layin, amma an cire abin da ke ƙasansa. Ya ce, “To ni ban ƙara ko harafi guda ba, Akawu.” Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ba, ragewa ya yi. Na tuna masa cewa likita ta nemi shi ma ya je a gwada shi tun zuwanmu na biyu, bai je ba. Ya ce shi lafiyarsa lau, gwiwarsa ba ta kumbura ba, ya juya ya ci gaba da ƙirga buhunansa.

A nan ina roƙonku abu ɗaya. Na san wasu za su ce mutumin da ke yin makonni a ƙetare shi ya kamata a tuhuma. Ni ma tunanin ya zo mini. Amma ba ni da hujja ko ɗaya a kansa ta wannan fuska, tafiya kasuwa ba laifi ba ce, kuma ba na so a yi masa abin da aka yi wa yayata. Dalilinsa na yin haka ban san shi ba. An faɗa mini, ban ji da kunnena ba, cewa ya gaji da jinya, yana neman hanyar rabuwa da ba za a ce ya yar da mace don ta yi ciwo ba. Abin da na sani tabbas shi ne ya zo ƙofar gidanmu, ya kira ni da sunan wasan da ya raɗa mini, ya nemi in taimaka masa ya kare ta, kuma ya jaddada in sa hannu.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ban rubuto ba. A kwanakin da suka biyo baya na riƙa komawa kan layi na ɗaya, sai na fara tuna mahaifinmu. In ka kira shi daga baya ba ya juya wuya, duk jikinsa yake juyowa. A shekarunsa na ƙarshe a kan kujera yake salla. Akwai kwalbar maganin ido da ba ta rabuwa da aljihunsa. Mu an ce mana zaman kujerar ofis ne ya ɓata masa baya, kuma ban taɓa tambaya ba. Na buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardunsa, a fayil na uku na sami wani tsohon katin asibiti. Rubutun likitan yana da wuyar karantawa, amma na gane sandarewar ƙugu da safe, na gane kumburin ido mai dawowa. Na kai wa likitar Yaya a zuwanmu na uku. Ta ce abin da ke katin dangin ciwon Yaya ne, kuma yana ƙara ƙarfin zaton cewa gado ya share hanya, gudawar kuma ta tayar da shi. Ta ƙara da cewa zato ne mai ƙarfi, ba tabbas ba.

Na dawo na sami Inna tana tsince shinkafa, na ajiye katin a gabanta. Ba ta ko taɓa shi ba. Ta ce ta san shi, ita ta yi jinyar mai shi, kuma gwaggonmu da ke Amarawa ma haka bayanta yake tun tana da ƙuruciya. Na ce to me ya sa da na kira ta daga asibiti ta ce babu? Ta ajiye faifan ta ce, “Kai yaro na. Ka san mutanen da ke neman Safiya sun turo tsofaffi suna zagaya maƙwabta suna bincike? Tambayar farko da sunka yi ita ta, gidan ga akwai ciwon gado? In ka hidda katin ga, ba Safiya kaɗai ba, har ɗiyan Baffanka, har kai kanka. Ka wanke ɗiya guda ka ɓata huɗu.” Na ce likita ta ce da yawa daga masu gadon ba sa yin ciwon. Ta ce, “Je ka faɗa ma tsofaffin unguwa hakan, ka ga in za su tsaya su ji ƙarshen maganar. Kai ba ka ga yadda anka karanta takardarka ba?” Daga ƙarshe ta ce ba ta ce ba za ta yafe mini ba, amma kada in kai ta ga faɗin haka.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mutum biyu na amince wa ba tare da na bincika ba a duk wannan lamari. Ɗaya ya naɗe takardata, ɗaya ta sa na rubuta “babu” da hannuna na kai wa likita. Na san Inna ba mugunta ta yi ba, tsoro ne, kuma abin da take tsoro yana faruwa a garin nan. Amma har yanzu in na buɗe littafina na ga wannan kalma sai in ji kamar an mare ni.

Yanzu an sa ranar Juma'a bayan la'asar za a zauna a zauren Baffa, ƙanen mahaifinmu. Kawun Alhaji Bello zai zo da mutanensa. Baffa ya faɗa mini tambayoyi uku za a yi mini: ko rubutuna ne, ko abin da ke ciki gaskiya ne, da kuma ko zan iya rantsuwa cewa ba abin da ke layi na huɗu ne ya jawo ciwon ba. Shawarar Baffa ita ce in ce kuskure na yi, daga waya na kwaso. Ya ce, “Kowa ya san yaran zamani da kwashe-kwashe, a yi maka dariya a wuce.” Amma layin ba kuskure ba ne, kuma suna da ɗa ma'aikacin lafiya a danginsu. In ya tabbatar da layin, na zama maƙaryaci, kuma duk abin da zan faɗa don kare Yaya ya faɗi tare da ni. Ina da daftarin farko na takardar a littafina, da bayanin da aka ɓoye, amma ba shi da sa hannun kowa, za su ce jiya na rubuta. Zan nemi a buɗe naɗin a gaban kowa, sai dai ban da tabbacin za a zo da takardar, kuma ko an buɗe, ni da kaina na rubuta a ciki cewa gwajin ba ya yanke hukunci.

Jiya da hantsi na tarar da Yaya zaune a rana a kan tabarma, tana jiran jikinta ya saki, tana yi wa 'yarta kitso a hankali. Tun da ta ji labarin hoton ba ta ce mini uffan a kai ba. Sai jiya ta ce, “Akawu, kai mi kake zato?” Na fara ce mata bisa ga bayanin likita, abin da ya fi ƙarfi shi ne gudawar nan tare da... sai ta yi dariya, irin wadda take yi mini tun ina ƙarami in na cika bayani. Ta ce, “Ban tambayi likita ba, kai na tambaya.” Na ce Yaya, wallahi ban taɓa zarginki ba ko na ƙiftawar ido. Ta ce, “To shi ke nan. Ba ciwon nika so ka yi ma shaida ba, ni nika so ka yi ma. Ka ce musu ka san ni.” Ta ci gaba da kitsonta. Ban faɗa mata maganar katin ba, domin na san in ta ji sunan Safiya za ta ce a bar shi a akwati, ta ɗauki abin ita kaɗai kamar yadda ta saba.

Zan faɗi cewa na san ta, wannan ba shi da wuya, kuma zan iya rantsuwa a kansa. Amma ba shi za a tambaye ni ba. Za a tambaye ni sanadin ciwo, abin da likita ma ba ta rantse a kai ba, kuma in na ce “ban da tabbas” a wannan zaure, kowa zai ji kamar na ce “ta yiwu”. Abu ɗaya da nake da shi wanda ba daga bakina ko alƙalamina ya fito ba, wanda dattawan nan za su girmama don sun san mai shi, sun kuma ga yadda yake juyowa da jikinsa duka, shi ne katin mahaifinmu. Shi ma ba hukunci yake yankewa ba, amma ina ganin zai sa su daina kallon layi na huɗu su koma na ɗaya. Daga ranar kuma, layi na ɗaya zai bi Safiya duk inda aka je bincikenta.

Idan akwai ma'aikatan lafiya a nan, in na yi kuskure a bayanin ciwon ku gyara mini, zan karɓa. Idan akwai malamai, ku faɗa mini ko ya halatta mutum ya rantse a kan zato mai ƙarfi don kare mutuncin wadda ya san ta. Sauran 'yan'uwa kuma, musamman mata da suka san abin da irin wannan magana ke yi wa mace da 'ya'yanta a ƙaramin gari, ku ne na fi buƙatar jin ta bakinku. Katin yana cikin littafina yanzu haka, kuma wannan karon na yi masa fotokwafi uku, Inna ba ta sani ba.

Tambayata ita ce: ranar Juma'a in fitar da katin mahaifinmu don in wanke Yaya, ko in mayar da shi akwati don Safiya, in shiga zauren da bakina kaɗai?